Yadda Riset Yake Juya Taima a PLC: Jagora ga Masu Haɗa Fanel

Duk wanda yake aikin fanel a masana'antun ruwan leda ko injinan casar shinkafa da ke cikin Gombe ya san irin wannan kiran: "Oga, taimar nan ta lalace, a zo a duba." Sau da yawa idan an je, taimar lafiyarta ƙalau. Ko dai wani abu ne yake goge ƙirgenta ba a sani ba, ko kuma an bar ta babu mai goge ta. Shi ya sa kafin ka ajiye taima a furogiram ɗin PLC, wato 'yar kwamfutar da take sarrafa inji, sai ka san amsar abu uku: wa zai mayar da ita sifili, abin da ake kira riset ke nan, yaushe, kuma idan umarnin ƙirge da na gogewa suka zo lokaci guda, wanne zai rinjaya. Tambayoyin nan ba sa canzawa, ko a masana'antar siminti ta Ashaka kake, ko matatar ruwa ta Dadin Kowa, ko kuwa 'yar LOGO!, ƙaramar PLC ta Siemens, guda ɗaya ce take kula da rijiyar burtsatse a Tumfure.

Mataki na 1: Fara gane wace irin taima ce a gabanka

Ƙa'idar IEC 61131-3, wadda ta fara fitowa a 1993, ta tanadi taima iri uku: TON mai jinkirta kunnawa, TOF mai jinkirta kashewa, da TP mai ba da sigina na ƙayyadajjen lokaci. Kowace tana da ƙafa huɗu, wato wuraren shigar sigina da fitarta. IN ita ce ta umarni, PT lokacin da ka sa mata, Q amsarta, ET kuma lokacin da ta ƙirga zuwa yanzu. Ka lura, babu ƙafar R, wato ta riset, a cikinsu. Ita TON da kanta take gogewa: IN na komawa 0, ET ta koma sifili, Q ta faɗi. Wato riset ɗinta yana cikin sharaɗin da ka jera a gaban IN.

Sai kuma taima mai riƙe ƙirge. A Siemens S7-1200 da S7-1500 sunanta TONR, a Allen-Bradley RTO, a Mitsubishi FX3U kuma lambobin T246 zuwa T255 ne aka ware mata. Ita idan IN ta faɗi, tsayawa kawai take yi da abin da ta tara. IN ta dawo, ta ɗora daga inda ta tsaya. Babu abin da yake mayar da ita sifili sai riset: ƙafar R a Siemens, umarnin RES a Allen-Bradley, RST a Mitsubishi.

Ka ɗauki bokiti a ƙarƙashin famfo. TON bokiti ne da yake zubewa da zarar an rufe famfon. TONR kuwa yana riƙe ruwansa har sai wani ya zo ya kife shi, kuma muddin yana kife, ko famfon na zuba, ɗigo ba zai taru ba. Wannan kifewar ita ce R.

Kada ka dogara da suna shi kaɗai. A manhajar Studio 5000 ta Rockwell akwai bulok mai suna TONR, amma ba ya riƙe ƙirge, TON ne da aka ƙara masa ƙafar riset. Mai riƙon a can RTOR ne. Wanda ya saba da Siemens ya koma can zai ɗauka abu ɗaya ne, alhali sun sha bamban. Buɗe shafin taimako na bulok ɗin ka kalli zanen lokutansa, minti biyu ya ishe ka.

Mataki na 2: Rubuta a takarda abin da zai goge ta

Tun kafin ka buɗe laftof, rubuta jimla ɗaya da Hausarka ga kowace taima. Misali: "Wannan tana ƙirga sakan nawa famfo ya yi ba ruwa, tana gogewa da kanta idan ruwa ya dawo." Ko: "Wannan tana tara awannin aikin moto, bakanike ne kawai yake goge ta bayan ya sa giris." Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, to aikin ne bai gama zama a kanka ba, kuma furogiram ba zai gyara maka wannan ba.

Jimlar ce za ta zaɓar maka taima. Abin da ake so ya faru a jere ba yankewa, TON. Abin da ake tarawa kaɗan-kaɗan, TONR.

Mataki na 3: Gwada da kariyar famfon rijiya

Nan zan ɗan daɗe, don a nan aka fi ruɗewa. A watannin Maris da Afrilu ruwan rijiyoyin burtsatse yakan ja baya, sumo ya riƙa juyawa a bushe har ya ƙone. Muna so idan famfo ya yi sakan 10 yana aiki ruwa bai gudu a bututu ba, a kashe shi, fitilar matsala ta kama, ya zauna a kashe sai mutum ya zo ya duba.

Ga yadda za ka jera TON ɗin:

IN = famfo yana aiki KUMA na'urar jin gudun ruwa ba ta ji komai ba
PT = T#10S

Idan ruwa ya ɗan yanke na sakan 3 ya dawo, IN ta faɗi, ET ta koma sifili, babu abin da ya faru. Daidai abin da muke so ke nan. Da TONR ka sa a nan, da waɗannan 'yan sakannin sun riƙa taruwa, wata rana da tsakar aiki famfo ya mutu alhali ruwa na zuba, a yi ta zargin sumo.

To yanzu ga tarkon. A ce ka ɗauki Q ta taimar kai tsaye ka sa ta yanke kwantakta, suwic ɗin da yake ba famfo wuta. Sakan 10 sun cika, Q ta tashi, famfo ya tsaya. Amma famfo na tsayawa, sharaɗin "famfo yana aiki" ya faɗi, IN ta koma 0, taimar ta goge kanta, Q ta faɗi. Idan fulot na tanki, mai jin cikar ruwa, yana nan yana neman ruwa, famfo ya sake tashi. Haka zai yi ta yi duk bayan sakan 10, kwantakta na ƙas, ƙas, ƙas har gari ya waye, kuma tashi da tsayawa a kai a kai shi ma yana cinye moto.

Maganin shi ne ka sa bulok mai riƙe matsala a tsakani. Q ta taima ta shiga ƙafar S ta bulok ɗin, wadda take kama riƙon, maɓallin riset ya shiga ƙafar R, abin da ya fito daga bulok ɗin shi zai yanke famfo ya kunna fitila. Ka ga a nan maɓallin da ke jikin ƙofar fanel ba taimar yake gogewa ba, riƙon matsalar yake saki. Taimar ta riga ta goge kanta tun lokacin da famfo ya tsaya. Wanda bai bambance waɗannan biyun ba zai yi ta neman inda zai maƙala R a jikin TON, ƙafar da babu ita.

Wanne bulok za ka ɗauka, SR ko RS? A ƙa'idar IEC, SR ita ce wadda S take rinjaye. A zanen tsani na Siemens kuwa, wato furogiram ɗin da ake jerawa layi-layi kamar tsani, SR ita ce wadda R take rinjaye. Kada ka wahalar da kanka da haddar wannan, dubi ƙafafun: wadda aka liƙa wa lamba 1, ko S1 ko R1, ita ce mai rinjaye. Ga riƙon matsala ni na fi son S ta rinjaya, domin idan matsalar tana nan daram, danna maɓalli bai kamata ya ɓoye ta ba.

Mataki na 4: Sa riset ya yi aiki sau ɗaya, ba muddin ana danne ba

A TONR ƙafar R ce mai rinjaye. Muddin R tana 1, ET sifili ce, Q a ƙasa, duk abin da IN take yi. Wannan yana da kyau ga mai rubuta furogiram, amma yana da haɗari a filin aiki. Na taɓa buɗe wani fanel na tarar an cusa tsinken ashana a gefen maɓallin riset, an bi da salatif baƙi an naɗe. Ofaretan bai ɓoye ba, ya ce, "Wallahi oga jiniyar ce ta dame mu, da muka maƙale shi sai ta yi shiru." Ta yi shiru kam, tare da duk wata kariya da ke rataye a kan maɓallin. Ko ba ofareta, ƙurar dusa da ta hunturu kan cushe maɓalli ya ƙi dawowa.

Don haka kada siginar maɓalli ta shiga R kai tsaye. Bi da ita ta bulok mai kama tashin sigina, R_TRIG a harshen IEC, ONS a Allen-Bradley, PLS a Mitsubishi. Shi a zagaye ɗaya tak na furogiram yake ba da 1 lokacin da aka danna, daga nan ya koma 0 ko an ɗaure maɓallin da igiya. Inda riset ya shafi lafiyar mutane, ƙa'idar ISO 13849-1, bugun 2015, ta buƙaci a karɓe shi lokacin da aka saki maɓallin, kuma riset shi kaɗai kada ya tayar da inji. Ko a ƙananan ayyuka ina bin wannan: riset ya share matsala, tayarwa kuma sai an danna nata maɓallin daban.

A wajen waya, maɓallin tsayarwa ake ɗaurawa a rufe, don idan waya ta tsinke inji ya tsaya. Na riset kuwa a buɗe ake ɗaura shi. Idan ka juya, ka sa rufaffe sannan ka kifar da shi a furogiram, ranar da ɓera ya ci wayar PLC za ta ga kamar ana danne da riset har abada. Launin da aka saba ba shi shuɗi ne, kada ka sa masa kore.

Idan riset ɗin daga allon taɓawa yake zuwa, bari allon ya ɗaga bit ɗin kawai, wato ɗan gurbin da yake ajiye 1 ko 0, PLC ce za ta sauke shi a layin ƙarshe bayan ta yi amfani da shi. Idan ka bar wa allon ɗagawa da saukewa, sadarwa ta yanke tsakanin dannawa da saki, bit ɗin ya maƙale a 1.

Mataki na 5: Kula da inda ka ajiye layin riset

PLC tana karanta abubuwan shiga, ta bi furogiram daga sama zuwa ƙasa, ta rubuta abubuwan fita, ta sake komawa sama. Saboda haka wurin da layi yake zaune yana canza sakamako.

A ce muna tara awannin aikin moton injin casa don a san lokacin sa wa boris giris. Nau'in TIME a Siemens yana ƙirga milisakan ne a bit 32, iyakarsa kwana 24 da awa 20 da minti 31 da 'yan sakanni, wato awa 596 da kusan rabi. Tsohuwar S5TIME ta S7-300 ma ba ta wuce awa 2 da minti 46 da sakan 30. Idan ana son awa 1000, taima ɗaya ba za ta ɗauka ba. Sai a yi mai riƙo ta awa ɗaya, duk cikarta kawunta ta ƙara 1, a goge taimar ta sake farawa.

A Allen-Bradley jerin ya zama haka: layin farko RTO, na biyu bit ɗin DN, wanda yake tashi idan taimar ta cika, yana tura kawunta, na uku DN yana tura RES. Idan ka ɗauko layin RES ka sa shi na biyu, zai share DN tun kafin kawunta ta gan shi. Taimar za ta yi ta cika tana gogewa, kawunta na zaune a sifili, kuma idan ka zuba ido a laftof ba za ka ga komai ba, don abin yana faruwa cikin 'yan milisakan. Ƙa'idata a nan: duk mai buƙatar amsar taima ya karɓa tukuna, mai gogewa ya zo a ƙarshe.

A S7-1200 akwai ƙarin wata dabara. Taimar tana sabunta kanta ba sai an iso bulok ɗinta ba, har ma duk lokacin da wani layi ya karanta Q ko ET daga ma'ajiyarta kai tsaye. Taima mai goge kanta tana iya cika daidai lokacin da layin gogewa yake karanta ta, ta goge, sauran layuka ba su gani ba. Sai ka maƙala wani bit naka a ƙafar Q, kowa ya riƙa karanta wannan bit ɗin, har da mai gogewar.

Ka sani kuma duk gogewa tana cin ɗan lokaci, kusan zagaye ɗaya. Ga awannin giris wannan ba komai ba ne. Amma idan ƙirge na ƙwarai kake so, ko aikin da za a yi a wata sa'a ta rana, agogon cikin PLC ya fi taima mai goge kanta.

Riset guda biyu ke nan a wannan aikin, kada ka haɗa su. Na taimar awa ɗaya na cikin furogiram ne, ba ruwan mutum. Na kawunta kuma na bakanike ne, ka sa shi a makulli ko bayan lambar sirri a allo. Idan ka jona shi da maɓallin riset na gama-gari, duk ranar da ofareta ya share wata 'yar matsala ya share tarihin giris ke nan.

Mataki na 6: Me zai faru bayan an saki riset?

An goge, R ta koma 0, IN kuma tana nan a 1. Taimar za ta sake fara ƙirge? Ya danganta da irinta. RTO ta Allen-Bradley za ta fara daga sifili nan take. Tsofaffin taimomin S7-300, irin su S_ODT da S_ODTS, sai sun ga sabon tashin sigina a ƙafar S, wato sai ta sauka ta sake hawa. Idan ba haka ba za su zauna shiru, inji na jiran Q da ba za ta zo ba. Ita S_ODTS ma da zarar ta cika, Q ba ta sauka sai da R, ko S ta daɗe da faɗuwa.

Ga TOF, wadda ake sa wa fanka ta ci gaba da hura iska bayan an kashe inji, ko bel ya ƙarasa kwashe shinkafar da ke kansa: a LOGO! tana da ƙafar R mai yanke jinkirin nan take. A Allen-Bradley kuwa littafin kamfanin ya hana amfani da RES a kan TOF, domin yana share bit ɗin da taimar take dogara da su. Hanya mai sauƙi ita ce ka bar taimar, ka sa sharaɗin tsayawa a jere bayan Q. Maɓallin tsayawar gaggawa kuma ba a rataya shi a kan riset ɗin taima ko kaɗan, nasa layin wayar daban ne, yana yanke kwantakta ko PLC ta mutu.

Mataki na 7: Ɗauke wuta ma riset ne, idan ba ka shirya masa ba

Wannan ya fi damun mu a nan fiye da waɗanda suka rubuta littattafan. Ana ɗauke wuta, a tayar da janareta, a dawo da wuta, a sake juyawa, duk a wuni guda, kuma kowane juyi PLC mutuwa take ta farfaɗo. Taima mai riƙe ƙirge idan IN ta faɗi daban, riƙewa bayan ɗauke wuta kuma daban. A S7-1200, ma'ajiyar da manhajar TIA Portal take ƙirƙira wa taima da kanta ba ta karɓar alamar riƙo. Sai ka ajiye taimar a cikin DB naka na gama-gari, wato ma'ajiyar bayanai, ko cikin na FB, wato bulok ɗin aiki da ka rubuta, ka sa mata alamar. A LOGO! akwai ɗan akwatin riƙo da ake cikewa a cikin saitin bulok. A Mitsubishi FX3U batir ne yake riƙe waɗancan lambobin, don haka idan fitilar batir ta kama kada a yi sakaci.

Ka zauna ka raba su. Awannin giris da riƙon matsalar famfo su tsallake ɗauke wuta, in ba haka ba duk juyin janareta zai saki famfo ya koma juyawa a bushe. Taimomin matakan aiki kuwa, irin jinkirin tayar da moto na biyu bayan na farko, a goge su da bit ɗin zagayen farko, wanda yake tashi sau ɗaya idan PLC ta farfaɗo, kada inji ya farka a tsakiyar aiki hannun wani yana ciki.

Mataki na 8: Gwaji kafin ka miƙa aiki

Fara a kwamfuta da PLCSIM, manhajar gwaji ta Siemens, ko gwajin da ke cikin LOGO!Soft Comfort. Rage PT, awa ɗaya ta zama sakan 5, ka buɗe teburin kallo idonka a kan ET, don ita take nuna gaskiyar abin da ke faruwa, Q sai a ƙarshe take magana. Danna riset a tsakiyar ƙirge. Danna bayan ta cika. Danne shi ka riƙe sannan ka jawo matsalar da gangan, ka ga ko fitila za ta kama. Saki riset IN tana 1 ka ga ko za ta sake farawa. Nemi jerin duk wuraren da aka ambaci taimar a furogiram, domin mai gogewa na biyu da wani ya ɓoye a wani shafi yakan cinye wa mutum wuni.

A filin aiki kuma ka rufe bawul ɗin ruwa da hannunka ka ƙirga sakan 10 ɗin, sannan ka kashe babban suwic a tsakiyar ƙirge ka kunna. Idan komai ya zauna, mayar da PT yadda yake, ka tabbatar ba ka bar wani bit a tilasce ba. Sai ka kira ofareta ya danna da hannunsa a gabanka, ka liƙa takarda a cikin ƙofar fanel mai nuna abin da shuɗin maɓallin yake gogewa da abin da sai bakanike ya zo da makulli.